YADDA A KE KAFA MADOGARAR SHINGEN ƘARFE CIKIN RAIRAYI

Takarda zuwa ga manoma da masu lambu na ƙasar Jibiya

Ya kai manomi, wannan takarda dominka aka rubuta ta. In ka gama karantawa, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai iya ba, gama shinge abu ne da ke tsakanin mutum biyu. Mutane da yawa sun sayar da gero da gyaɗa sun sayi waya da bututun ƙarfe, sun kewaye lambunsu, kafin damina biyu sai ga shingen ya kwanta, shanu suna tsallakewa. Sai su ce wayar ce ba ta da kyau, ko mai walda ne ya cuce su. Galibi kuwa laifin yana ƙarƙashin ƙasa, a kusurwoyin shingen, inda ido ba ya gani. Abin da za mu bayyana maka ke nan.

1. HALIN ƘASARKU

Jibiya tana wajen mil 30 daga birnin Katsina, bisa hanyar Maraɗi. In ka wuce Magama, inda ma'aikatan kan iyaka su ke, sai ka faɗa ƙasar Nijar ta wajen Ɗan Isa. Hayin nan da hayin can duk jigawa ce. Gero da wake da gyaɗa suna son ta, fartanya ma ba ta wahala cikinta, amma ba ta riƙe abin da aka kafa mata. Laka in ta bushe ta kan kama dirka kamar hannu. Rairayi kuwa ƙwayoyinsa ba su manne da juna ba, da an tura shi sai ya kauce.

Dubi madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina bisa kogin Gada, kogin nan da ke shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi. Tsawon bangonta ya fi mil 2. Da masu ginin suka ga ƙasar wurin rairayi ce mai zubewa, sai suka lulluɓe bangon da wata shimfiɗar roba mai lanƙwasuwa, wadda ruwa ba ya ratsa ta, don ko ƙasar ta motsa kada ta tsage. To, masu manyan injuna ke nan ba su amince wa wannan rairayi ba, balle kai mai dagi da shebur.

Ƙarfe cikin rairayi ba baƙon abu ba ne a wannan iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila sun bi ta, suka kafa alamu 148 tun daga Kwara har Tafkin Chadi, waɗansu alamun kuwa ƙarfen sandar tangarahu ne. Amma alamar iyaka tsayuwa kaɗai ce aikinta, ba abin da ke janta. Dirkar kusurwarka kuwa ana janta dare da rana, rani da damina.

2. AMFANIN BUTUTU DA AIBINSA

Iyayenmu da ƙirya da giginya su ke kafa dirka, don gara ba ta cinsu da wuri. Yanzu waɗannan itatuwa sun yi wuya, wanda ya rage kuma barinsa tsaye ya fi amfani, gama shi ke tare iska. Sauran itace in ka binne, kafin shekara biyu ko uku gara ta gama da gindinsa. Shi ya sa aka koma ga bututun ƙarfe: gara ba ta cinsa, gobarar daji ba ta ƙone shi.

Amma ka san aibinsa biyu. Na fari, siriri ne. Kututturen itace mai kauri ya kan tokari ƙasa mai yawa, bututu mai inci 3 kuwa yanka rairayi ya ke yi kamar wuƙa. Na biyu, santsi gare shi, in an ja shi sama sai ya zare kamar takobi daga kube. Dukan dabarun da ke cikin wannan takarda maganin waɗannan aibi biyu ne.

3. NAUYIN DA KE BISA KUSURWA

Waya mai ƙaya, wadda wani manomin Amurka mai suna Joseph Glidden ya yi wa rajista cikin 1874, ba ta da amfani sai an ɗame ta. Layi guda in ya ɗamu sosai, janta ya kan kai kamar laba 250. Layi 5 ya zama laba 1,250, watau ya fi nauyin buhun siminti 11. Dirkokin tsakiya ba su san da wannan nauyi ba, domin wayar dama da ta hagun suna jansu daidai wa daida, aikinsu riƙe waya ne kada ta taɓa ƙasa. Nauyin duka yana tarewa a ƙarshen layi, watau kusurwa da bakin ƙofa.

Dirkar kusurwa ta kan kasa ta hanya biyu. Ko dai ta karkata ta bi waya, ko kuwa ta tumɓuke ta fito sama sannu sannu. Da ta matsa inci 2 ko 3, waya ta saki tun daga wannan kusurwa har waccan. Saboda haka in kuɗinka ba su da yawa, ka rage tsadar dirkokin tsakiya, ko da na itace ne a canja su nan gaba, amma kada ka rage ko anini daga kuɗin kusurwa. Araha ba ta ado.

4. SIFFAR MADOGARA

Dirka guda ba ta iya wannan aiki ita kaɗai cikin rairayi, kome kaurinta. Sai an haɗa abu huɗu, su ne mu ke kira madogara.

Na ɗaya, dirkar kusurwa, wadda a ke ɗaure waya a jikinta.

Na biyu, wata dirka a gabanta, bisa layin shingen. Mu kira ta 'yar rakiya.

Na uku, gicciye, watau bututun da ke kwance tsakaninsu daga sama, kamar taƙi guda ƙasa da kawunansu.

Na huɗu, tokari, wanda ya ke saukowa a karkace daga wuyan dirkar kusurwa zuwa gindin 'yar rakiya.

Ka lura da wannan da kyau, gama nan mutane su ke ruɗewa. In tokarin na bututu ne, kansa yana wuyan dirkar kusurwa, ƙafarsa tana gindin 'yar rakiya, domin ƙarfe tokarewa ya ke yi. In kuwa ba ka da bututu, za ka sa waya mai kauri riɓi biyu ka murɗe ta da sanda, sai ka juya: daga gindin dirkar kusurwa zuwa wuyan 'yar rakiya, domin waya ja ta ke yi. Wanda ya sa ta baibai, daidai ya ke da wanda bai sa kome ba.

Tazarar dirkokin nan biyu kada ta gaza riɓi biyu na tsayin shingen. Shinge mai ƙafa 4, ka ba su ƙafa 9. Dalili kuwa, gajeren tokari mai miƙewa sama ba ya hana jan waya, sai dai ya mai da shi ɗagawa, ya riƙa cire dirkar kusurwa kamar yadda a ke cire rogo. In ka ninka tazarar, ƙarfin ɗagawar ya ragu da rabi. Gwada da jikinka: tsaya ƙafafunka a haɗe wani ya ja ka da igiya, sa'an nan ka ware su ya sake ja.

Kowace kusurwa layi biyu ke janta, saboda haka tana bukatar 'yar rakiya biyu, ɗaya ta kowane gefe. In layin ya wuce yadi 200, ko rairayin mai zurfi ne ƙwarai, ka ƙara dirka ta uku da gicciyenta da tokarinta, madogarar ta zama ɗaki biyu. Bakin ƙofa ma haka, ko wane gefe da tasa madogara.

5. KAYAN DA ZA KA TANADA

Bututu a kasuwa ya kan zo da tsawon mita 6, watau kusan ƙafa 20. In an raba shi biyu ka sami dirka biyu masu kusan ƙafa 10. Ƙafa 5 za su shiga ƙasa, saura su tsaya a sama. Kada ka yarda a raba maka shi uku don tsimi.

Kusurwa guda tana cin bututu ɗaya da rabi mai inci 3 don dirkoki uku, da bututu 2 mai inci 2 don gicciye biyu da tokari biyu. Lambu mai kusurwa huɗu ke nan manya 6, ƙanana 8, ban da na ƙofa. Tsohon bututun rijiyar burtsatse ya kan yi, muddin tsatsa ba ta huda shi ba. Ka ƙwanƙwasa shi da guduma, ka duba kaurin bakinsa. Bututu mai laushi irin na kujera da gado kada ka kai shi kusurwa.

Tun a gida mai walda zai yi wa kowace dirka takalmi: guntayen rodi biyu masu tsawon ƙafa guda da rabi, a gicciye, a liƙa su kusa da gindinta. Wannan shi ne maganin santsi. Sa'an nan ka shafe rabin da zai shiga ƙasa da kwalta, har ta haura taƙi guda bisa inda ƙasa za ta tsaya, gama a nan tsatsa ta fi ci. In bututun farin ƙarfe ne irin na famfo, a yi waldarsa a fili inda iska ke kaɗawa, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Ka tanadi kuma siminti, da tsakuwa, da yashin kogi mai kaushi, da marmara, da tsohon duro wanda aka fasa kansa da gindinsa. Lallausan rairayin da iska ke tarawa a gona ba ya yin kankare mai ƙarfi.

6. HAƘAN RAMI

Lokacin da ya fi kyau shi ne farkon kaka, ruwa ya ɗauke amma ƙasa da sauran laima, tun ba a saki dabbobi cikin gonaki ba. In aikin ya kai ka rani, ka tona 'yar kwatarniya a wurin, ka zuba ruwa tulu uku ko huɗu da maraice, ka haƙa da safe. Jiƙaƙƙen rairayi ya kan tsaya, busasshe kuwa kana kwashewa yana komawa.

Ka ja igiya bisa layukan biyu tukuna. In kana son kusurwar ta daidaita, auna ƙafa 3 bisa igiya ɗaya, ƙafa 4 bisa ɗayar. In tsakanin alamun biyu ƙafa 5 ne cif, kusurwarka ta yi.

Sa'an nan ka aza duron nan a wurin, ka riƙa haƙa daga cikinsa yana nutsewa, kamar yadda masu ginin rijiya su ke yi. Shi zai tare rairayin sama, wanda ya fi zubewa. Ka ci gaba har ƙafa 5, ka ɗan buɗa gindin ramin ya fi bakinsa faɗi. In hannu ya kasa kaiwa, ɗaura ƙaramin kwano a bakin sanda ka riƙa kwasowa. Kada ka kuskura ka zura yaro cikin ramin, rairayi ba ya sallama in zai rufta.

Za ka gaji a ƙafa 3, zuciyarka ta ce ya isa. Bai isa ba. Masana aikin gini sun gwada sun ga in an ninka zurfin dirka, ƙarfin riƙonta ya kan ƙaru kamar sau huɗu. Ƙafa biyun nan na ƙarshe sun fi na farko daraja nesa ba kusa ba.

7. KAFAWA DA CIKAWA

Zuba tsakuwa kamar inci 3 a gindin ramin, ka tsai da dirkar a tsakiya. Rataya dutse da zare a jikinta ka ga ko ta miƙe. Dirkar kusurwa ka ɗan kwantar da kanta baya kamar inci 1, ta saba wa inda waya za ta ja, domin in an ɗame za ta dawo daidai.

Kwaɓin kankare shi ne kwano 1 na siminti, kwano 2 na yashi, kwano 4 na tsakuwa. Ruwa kaɗan, ya yi kauri kamar tuwo. In ya yi ruwa ruwa kamar kunu, ƙarfinsa ya tafi. Ba lalle ne ka cika ramin duka da kankare ba. Ka raba shi uku:

A gindi, kankare ƙafa ɗaya da rabi, ya binne takalmin rodin nan sarai. Wannan shi ke hana tumɓukewa, gama dirkar ba ta fitowa sai ta ɗaga dukan ƙasar da ke bisansa.

A tsakiya, marmara mai ɗan laima. Ka zuba inci 6, ka kirɓa da taɓarya har ta daina nutsewa, kana ka ƙara inci 6. Kana cikawa kana jan duron sama kaɗan kaɗan, kana kirɓe gefen da ya bari. Wanda ya tura ƙasa gaba ɗaya ya tattake da ƙafa, rami ya rufe kawai, bai kafa dirka ba.

A sama, kankare ƙafa 1, mai faɗin bakin ramin. Wannan shi ke hana karkata, gama ya mai da siririn bututu mai ƙaton wuya. Ka tudunta kansa don ruwan sama ya gangare ya bar jikin ƙarfen.

Buhu ɗaya da rabi ya kan ishi rami guda. Wanda ba shi da halin siminti, ya sa a liƙa wa gindin dirkar faifan ƙarfe mai faɗin ƙafa guda, ya nemi manyan duwatsu masu faɗi guda biyu. Ɗaya ya jingina shi a gindin dirkar ta bayanta, ɗaya ya binne shi taƙi guda ƙasa da bakin ramin ta gefen da waya ke ja. Dalili, in an ja kan dirka gaba, gindinta baya ya ke shura. Sauran ramin duk marmara da taɓarya.

Bayan kwana biyu a yi waldar gicciye da tokari. Mai walda ya fafe bakin ƙaramin bututun ya rungumi babban, ya zagaye shi da walda duka, ban da ɗigo ɗigo. In injin walda ba ya zuwa gonarka, a liƙa wa dirkokin kunnuwan ƙarfe tun a gari, a huda su, ka ɗaure da noti a gona. Daga nan ka cika cikin dirkokin da kankare har baki. Amfaninsa uku ne: ruwa ba ya taruwa ciki, bututun ba ya lanƙwashewa, ɓarawon ƙarfe kuma ba ya sha'awarsa.

8. JAN WAYA

Ka rufe kankaren da tsohon buhu, ka riƙa yayyafa masa ruwa safe da maraice har kwana 7. Siminti ba bushewa ke ƙarfafa shi ba, laima ce, ƙarfinsa kuwa ba ya cika sai wajen kwana 28. Kada ka ja waya kafin kwana bakwan nan su cika. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Wayar a jikin dirkar kusurwa a ke ɗaure ta, ta zagaye ta sau biyu. A jikin 'yar rakiya wucewa kaɗai za ta yi. Ka ja layi ɗaya ɗaya, in ka gama ka koma ka duba na farko. Ka sani kuma ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana taƙurewa da sanyi. Tsakanin tsakar ranar bazara da asubahin hunturu, waya mai yadi 100 ta kan taƙure kamar inci 1. In ka ɗame ta ƙam da rana tsaka, sanyi zai ƙara mata abin da ba ka sa ba. Ka ja da safe, ka bar mata 'yar rangwame.

Waya mai ƙaya layi 5 ta kan tsai da shanu da raƙuma da jakuna, amma akuya sai wayar raga. In raga za ka sa, ka tuna tana tare ciyawa da ledoji, iska ta riƙa tura ta kamar tabarma. Irin wannan shinge madogara mai ɗaki biyu ta fi dacewa da shi.

9. KIWON SHINGE

Iskar hunturu da guguwar farkon damina su kan kwashe rairayi daga gindin dirka, su tara shi wani wuri. Dirkar da ka binne ƙafa 5, in iska ta kwashe ƙafa guda, ta zama mai ƙafa 4. Ka zagaya kusurwoyinka sau biyu a shekara, bayan ruwan fari da bayan girbi. Inda wuyan kankare ya fito, ka mai da ƙasa, ka rufe da tsakuwa ko kara. Inda fenti ya ɓare, ka kankare tsatsar ka sake shafawa.

Tun shekarar farko ka dasa aguwa ta cikin shingen, gab da faɗuwar ruwa, ka bi gindinta da gamba. Saiwoyinsu za su ɗaure rairayin, jikinsu ya karya iska. Mutanen Nijar da aguwa su ke tsai da tudun rairayi mai tafiya. Ƙarfe zai tsare shukar tana ƙarama, in ta girma ita kuma ta tsare gindin ƙarfen.

10. KAFIN KA SARA DAGI

Abu guda ya rage, shi ne ya fi duka nauyi. Shingen ƙaya in an yi kuskure a kan janye shi cikin yini guda, amma dirkar da aka binne ƙafa 5 da kankare ba ta ciruwa da sauƙi. Ƙasarku hanyar dabbobi ce, garkuna suna gangarowa daga arewa da rani, suna komawa da damina. Kada ka ci burtali ko da taki guda, kada ka toshe hanyar mashaya. Ka kira maƙwabtanka na gefe huɗu da mai unguwa, su tsaya a ja igiya a gabansu, kowa ya ce ya yarda. In gonarka tana kusa da iyakar ƙasa, ko cikin filin noman rani na madatsar ruwa, ka nemi izinin hukumar da ke kula da wurin tukuna. Shingen da aka kafa bisa rigima, kome ƙarfin kusurwarsa, almakashi guda ya ishe shi cikin dare.

In ka kiyaye waɗannan, watau rami ƙafa 5, takalmi a gindi, wuya a sama, tazara ƙafa 9, da haƙurin kwana 7, da yardar Allah ɗanka zai gaji shingen nan a tsaye. Wanda wani abu ya shige masa duhu, ya tafi da wannan takarda wurin malamin gona na gundumarsa, su auna filin tare kafin ya sayi bututu ko guda. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.